Takardar da Yaya Ya Nema

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba, dillali ya taya gidansu na Wunti da kuɗi mai tsoka. Magada duk sun yarda a sayar, ban da Auta. Tun ranar jana'iza ya daina zuwa shagonsa na ɗinki a kasuwar Muda Lawal. Barci ya ƙaurace masa, abinci sai an yi da gaske, wuni yake a zaure kan buzun Baba yana motsa baki shi kaɗai.

"Yaron nan ya zare," in ji Yaya Babba. "A kai shi gidan mari ya yi wata uku."

Goggo ta ajiye carbinta. "Ka manta abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019? Mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. In magani kake so, asibiti za a je, kuma da ni."

Washegari Keke Napep ya sauke su a sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Tun ba a zauna ba Yaya ya fara: "Likita, a kwantar da shi ko yana so ko ba ya so. A kuma ba mu takarda cewa ba ya cikin hankalinsa."

Likita ta ce kowa ya fita, a bar mata Auta. Sun daɗe. Da ta kira su, tambaya biyu ta yi: ya taɓa ɗaga wa wani hannu? Ya taɓa yunƙurin illata kansa? Yaya ya sosa ƙeya ya ce a'a.

A da, abin da Yaya ke so ba shi da wuya. Dokar mahaukata ta 1958, wadda aka gado daga ta Turawan mulki ta 1916, ta ba majistare damar tsare mutum bisa shaidar likita, kuma ba ruwanta da abin da shi mai jinyar zai ce. Sai a Janairun 2023 aka sanar Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Ita ma ta bar ƙofar kwantarwa ta dole a buɗe, don akwai ranar da ita ce ceton rai, amma ta gindaya sharuɗɗa, kuma son ran dangi ba ya cikinsu.

"Ƙaninka ba shi da lafiya, gaskiya ne," in ji likita. "Baƙin ciki ne ya yi masa nauyi, kuma yana da magani. Na tambaye shi, ya yarda zai sha, zai riƙa zuwa. Wanda ya yarda da magani ba a ɗaure shi."

"To takardar fa?"

"Me za ka yi da ita, Alhaji?"

Goggo ce ta amsa: "Akwai wani sa hannu da ake so a tsallake, 'yata."

Auta ya ɗago a karon farko. "Yaya, ban ce kada a raba gado ba. Cewa na yi a bari Inna ta fita takaba. Ba wanda ya tsaya ya ji."

A bakin ƙofar asibiti Goggo ta miƙa wa Yaya takardar magani. "Ungo, ka biya. Ranar da likita ta sa kuma kai za ka dawo da shi, tunda ka iya hanya."