Ambulan da Ke Tsakiyar Allo

A ƙarƙashin gadona a Zurmi akwai kwalaye uku na wasan Cluedo. Na farkon na tsince shi ne wurin masu gwanjo a Sabon Garin Kano, ina shekara ta biyu a jami'a. Sauran biyun, mai hotunan iyalin Simpson da na Harry Potter, sai da na sha cigiya kafin su zo hannuna. Fuskoki ne suke sauyawa daga kwali zuwa kwali, ginshiƙin wasan kuwa yana nan: an yi ta'asa a wani babban gida, mutum shida ake tuhuma, makamai shida, ɗakuna tara. Kafin a fara, sai a zari kati uku a rufe cikin ambulan ba tare da kowa ya gani ba, a raba sauran. Cikin amsoshi 324 da za su iya kasancewa, ɗaya ce tak gaskiya.

Ranar da Kawuna ya iske ni ina koya wa ƙannena wasan a zaure, ya daɗe yana juya 'yar ƙaramar bindigar da ke cikin kwalin a tafin hannunsa. "Ɗana," ya ce, "abin da aka karanto a Kano ke nan? Garin da ake jana'iza safe da yamma, kai kana ajiyar kisan kai a kwali?" Na ce, "Kawu, ai wasa ne." Ya ce, "Dara ma wasa ce, amma tsinke ake ci a cikinta, ba mutum ba."

Da farko tarihi na nemi in fake da shi. Anthony Pratt, mutumin Birmingham a Ingila, ya ƙago wasan ne ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, a garin da jiragen Jamus suka yi wa ruwan bama-bamai, sannan kamfanin Waddingtons ya fitar da shi kasuwa a 1949. Ashe ba wanda bai san mutuwa ba ne ya tsara shi. Sai dai wannan hujja ba ta kwantar mini da rai ba, domin Kawu yana da gaskiya a wuri guda: mamacin cikin wasan ba shi da uwa, ba shi da marayu, ba wanda ke zaman makokinsa. A kashe shi da la'asar, a sake kashe shi bayan isha'i.

Abin da ya hana ni zubar da kwalayen wata doka ce da 'yan wasa ba su cika kula da nauyinta ba. Kana da damar yin hasashe sau nawa ka ga dama, abokan wasa suna nuna maka katin da zai rushe zatonka. Amma zargi na ƙarshe sau ɗaya ake yinsa. Idan ka buɗe ambulan ka tarar ka yi kuskure, kai ne za ka fita daga wasan. Wanda ka zarga ba ya asarar komai.

A wurinmu akasin haka nake gani. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako-mako irin ta Shinkafi, aka hana sayar da fetur a jarka, zato ya zama abincin kowa. Wani mai burodi a unguwarmu aka fara raɗe-raɗin cewa yana kai wa 'yan bindiga kaya daji. Ban ga komai da idona ba. Duk da haka, da aka tayar da zancen a majalisarmu, na ce ai ni ma na lura burodinsa yana saurin ƙarewa. Bayan 'yan kwanaki waɗansu samari masu sintiri suka tafi da shi, bai dawo ba. Har yau babu ambulan da aka buɗe. Mu da muka yi zargin muna nan muna shan shayi, babu wanda aka ce ya tashi daga kan tabarma.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaci. A Cluedo, mai laifin yana iya zama mutumin da kake riƙe da shi kana zagaya ɗakuna, kai ba ka sani ba. Da ina ganin wannan rauni ne a tsarin wasan, don ta yaya mutum zai yi kisa ya manta? Yanzu na san ana iya sa hannu a jinin mutum da jimla ɗaya a bakin shago, a wuce gida a yi barci.

Ƙaramin ɗan mai burodin yana cikin yaran da ke zuwa zaurenmu ranar Juma'a da yamma. Yana da kaifin basira, amma gaggawa gare shi: da ya ga kati biyu ko uku sai ya miƙa hannu wajen ambulan. Nakan riƙe wuyan hannunsa in ce ya dakata ya ƙara tambaya. Kawu, daga inda yake haƙa gurabun dararsa a ƙofar gida, yakan ɗago ya dube mu. Bai janye maganarsa ba, ni ma ban gaya masa abin da na faɗa a majalisa ba.