Mai Karɓar Haya da Mutanen da Ya Zana

L. S. Lowry, mai zane ɗan Ingila da ya rasu a 1976, ya yi shekara 42 yana aiki a wani kamfanin gidaje na birnin Mancesta, yana bin gida-gida karɓar kuɗin haya. Da dare kuwa sai ya zauna ya zana abin da idonsa ya gani: ma'aikatan masaƙun auduga na Salford sun taso daga aiki, kawuna a sunkuye, hayaƙi ya rufe sama.

Shin daidai ne mutum ya mai da wahalar maƙwabcinsa abin kallo? Masu suka suna da hujja. Mutanen Lowry siri-siri ne kamar tsinken ashana, da yawansu ba a gane fuskarsu, sai ka ce mai masaƙa ne yake ƙirga hannuwan da ke yi masa aiki. Ga shi kuma a 2022 an sayar da zanensa na masu zuwa kallon ƙwallo a kan fam miliyan 7.8, kuɗin da leburan masaƙa ba zai taɓa mafarkinsa ba.

Amma Lowry ya san ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya. Bai ƙawata talaucinsu ba, bai kuma mai da su abin tausayi ba. Ya nuna su suna tafiya, suna hira, har da karnukansu. Yawancin masaƙun an rufe su tuntuni. Gidan zane na Salford mai ɗauke da sunansa ne ya sayi wancan hoton, inda jikokin ma'aikatan suke shiga su kalle shi kyauta.