Hayaƙi Mai Tsawa, Da Sunan Da Ke Fitowa A Wayarmu

A iyakar Zambiya da Zimbabuwe, kogin Zambezi yana tafe a shimfiɗe, faɗinsa ya haura mita 1,700, sai ƙasa ta tsage a gabansa, ya rufta ramin da zurfinsa ya kai mita 108. Daga nesa ana hango feshin ruwan ya turnuƙe sama kamar gobarar daji. Mutanen yankin suna kiran wannan matsirgar ruwa Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Amma in muka buɗe taswira a waya, Victoria Falls za mu fara gani, kuma da shi masu yawon buɗe ido ke yankar tikiti.

A watan Nuwamban 1855 ne David Livingstone ya isa wurin. Ba laluben hanya ya yi ba: Makololo, mutanen sarki Sekeletu, su suka tuƙa shi a kwalekwale har wani tsibiri da ke bakin ramin. Ya ji sunan da suke faɗi, har ya rubuta shi a littafinsa, sannan ya raɗa wa wurin sunan sarauniyar Ingila, wadda har ta mutu ba ta taka Afirka ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da hukunci ya zo da sauƙi: a mayar wa mai abu abinsa. Sai dai Makololo ɗin ma baƙi ne. Daga kudu suka taso a ƙarƙashin Sebetwane, yaƙi ya koro su, su kuma suka ci ƙasar da yaƙi 'yan shekaru kaɗan kafin zuwan Livingstone. A 1864 aka tumɓuke mulkinsu, harshensu ne ya saura. Kafin su akwai Tonga, masu cewa Shungu Namutitima, waɗanda suka ɗauki wurin da tsarki. Ashe sunan da muke kira na asali, shi ma a bayan mashi ya zo.

To in "wa ya riga zuwa" ba zai raba gardama ba, me zai raba? A ganinmu, a duba abin da sunan ke nunawa. Duk wanda ya tsaya a bakin ramin zai iya gwada Mosi-oa-Tunya da idonsa da kunnensa: ga hayaƙin, ga tsawar, ga rigarsa ta jiƙe sharkaf. Wanda ya raɗa shi ya kalli ruwan. Victoria kuwa ba ya faɗin komai a kan ruwan, labarin wanda ke da iko a wancan zamani kawai yake bayarwa. Duka biyun a hannun masu ƙarfi suka zo, amma ba nauyinsu ɗaya ba.

Duk da haka ba ma gaggawar cewa a goge shi. Zimbabuwe ta sauya Salisbury zuwa Harare a 1982, ta mai da Fort Victoria Masvingo, amma ta bar garin Victoria Falls da sunansa. Mai yi wa baƙi jagora, da mai sayar da sassaƙe a bakin gadar da aka gama a 1905, abincinsu yana rataye da kalmar da baƙo zai rubuta a intanet. Mu da ke nesa, kishi ba ya cin mana ko sisi. Su ne za su biya.

Mu masu rubuta manhaja mun san inda gizo ke saƙa. Rumbun bayanai zai iya ajiye wa wuri ɗaya sunaye goma, amma gurbin da ke fitowa a fuskar waya ɗaya ne, kuma ba kowa ke latsawa ya ga sauran ba. Wani ne ya zauna ya zaɓi wanda zai hau gaba, galibi cikin sauri, yana ɗauka aikin fasaha ne kawai. Da UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1989, ta rubuta sunayen biyu, Mosi-oa-Tunya a gaba. Baƙo bai ɓata ba, kuma ya koyi kalma.

Kada mu ɗauka cutar Turawa ce kaɗai. Matsirgar Gurara da ke Jihar Neja tana yankin mutanen da Hausa ke kira Gwari, alhali su Gbagyi suke ce wa kansu, kuma da yawansu sun sha faɗin wanda suka fi so. A can mu ne masu harshen da ya fi yaɗuwa, kuma yanzu da ake ta zuba Hausa a taswirori da manhajoji, yatsunmu ne a kan gurbin nan guda ɗaya.