TAFIYA A BAYAN ƘASA: NI'IMAR DA MUKA RIƘE BA MU GODE BA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Wani ɗalibi ya turo mini hoton bidiyo na Turawa suna hawan duwatsu da ƙafa, wasu bisa dawaki, a wata ƙasa mai sanyi da korayen tsaunuka. Ya ce: "Malam, shin irin wannan yawon buɗe ido ya halatta ga Musulmi?"

Amsa a taƙaice: ya halatta. Asalin tafiya halal ce, matuƙar ba wurin saɓo za ka ba, ba za ka tozarta salla ba, kuma ba za ka jefa ranka cikin halaka ba. In ka yi niyyar lura da halittar Allah, har lada za ka samu. A Suratul Gashiya Allah Ya ja hankalinmu mu dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. A Suratun Nahli Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, Ya ce don hawa ne da ado. Sai dai dabba tana da hakki: kada ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, kada ka doke ta a fuska, domin Manzon Allah (SAW) ya hana.

Amma wallahi da na gama ba shi amsa sai zuciyata ta karye, don na tuna gida.

Mu a ƙasar Sabon Birni da Isa ba mu da dogayen tsaunuka irin na Mambila. Namu tudu ne da jigawa da fadama, da gulbin Rima, da Bunsuru can wajen Isa. Amma wanda ya taɓa ratsa su da kaka ya san kyansu. Ina yaro kawuna yana da wani akawal. Bayan an kai gero rumbu yakan ɗaura sirdi, ya goya ni, mu bi bakin gulbi. Ga goruba, ga gawo ya fara fid da ganye sa'ad da sauran itatuwa ke zubarwa, ga garken Fulani ana shayarwa. Duk rugar da muka tsaya sai an kawo mana nono, duk ƙauyen da dare ya same mu sai a shimfiɗa mana tabarma a zaure. Ba wanda ya tambaye mu ko mu su wa ne.

A irin wannan tafiya ya kai ni kufan Alƙalawa. Ya sauka, ya riƙe linzami, ya ce: "Ɗana, duba da kyau." Nan ne birnin Gobir, inda Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, birnin da aka ci a 1808 zamanin Yunfa. Na duba, ban ga komai ba sai tuddai da kaburbura. Kawu ya ce waɗanda suka tsare birnin da waɗanda suka ci shi duk suna ƙarƙashin ƙasa, kowa da aikinsa. Wannan karatu ban same shi a allo ba, a bayan doki na same shi. Shi ya sa Alƙur'ani ya yi ta maimaita umurnin a yi tafiya a bayan ƙasa a ga ƙarshen waɗanda suka gabata.

To jama'a, yau wa zai ɗauki ɗansa ya yi wannan tafiya? A watan Disamba na 2021 an ƙone matafiya a cikin mota a Gidan Bawa. A 2024 an sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya, ya rasu a hannun 'yan bindiga. Allah Ya jiƙansu. Mutum ba ya iya zuwa gonarsa, balle yawon ganin gari. Ƙarar babur ta maye gurbin haniniyar doki.

Ku koma Suratu Saba'i. Allah Ya ba mutanen nan garuruwa a jere, suna tafiya dare da rana cikin aminci. Suka raina ni'imar, suka butulce, sai Ya tarwatsa su suka zama labari. Ba ina cewa wanda aka zalunta shi ya jawo wa kansa ba, a'a. Azzalumi zai amsa a gaban Allah, haka hukumar da aka ɗora wa amanar tsaro. Amma mu tambayi kanmu: lokacin da hanya take lafiya, sau nawa muka ce alhamdulillahi saboda ita? Mun ɗauka gado ce.

Kuma ɗan bindiga ba ya rayuwa shi kaɗai a daji. Wa ke kai masa mai? Wa ke sayen shanun sata da araha? Wa ke buga waya ya ce ga motar wane ta taso? Ɗan'uwa, in kana cikin waɗannan, ka ji tsoron Allah ka tuba tun kafin a ɗauke ka a makara. Kuma mu daina jingina laifin mutum ga ƙabilarsa gaba ɗaya. Nonon da na sha a ruga ba zan manta da shi ba.

Kai kuma ɗalibina, in Allah Ya kai ka inda ake hawan dutse lafiya, ka hau, ka yi tasbihi, ka yi mana addu'a, domin addu'ar matafiyi karɓaɓɓiya ce.

Ya Allah Ka dawo mana da aminci a hanyoyinmu, Ka nuna mana ranar da za mu kai 'ya'yanmu Alƙalawa mu dawo lafiya. Amin.