Hasken Aro: Hazon Tauraro da Hujjar Malaman Tauhidi

Daga cikin abubuwan da masana taurari ke kira nebula, wato hazon iskar gas da ke sararin sama, akwai wani nau'i da William Herschel ya danganta da duniyoyi a wajajen 1780, saboda a madubin hangen nesa yana bayyana a zagaye kamarsu, alhali kuwa ba shi da wata alaƙa da su. Asalinsa tauraro ne irin rana, wanda idan makamashinsa ya kusa ƙarewa yakan kumbura ya yar da ɓawonsa na waje, ɓawon ya bazu, ƙwayar ta saura a tsakiya da tsananin zafi. A 1966 George Abell ya wallafa jerin irin waɗannan guda 86 masu dishi-dishi, waɗanda aka tsinto a hotunan da aka ɗauka a dutsen Palomar na Amurka. Na 39 a cikinsu ƙwallo ne kusan cikakke, da ɗan ɗigon tauraro a cikinsa.

Abin lura shi ne hazon ba shi da haske na kansa. Ƙwayar tsakiya ce ke fitar da wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, shi ke bugun iskar har ta yi annuri, kuma koren da ake gani, wanda aka daɗe ana zaton na wani sabon sinadari ne, Ira Bowen ya tabbatar a 1927 cewa na oksijin ne. Ashe abin da ya cika ido aro ya ci, mai ba da aron kuma da ƙyar ake hango shi.

Nan ne mai gaggawa zai so ya mai da tauraron misalin Mahalicci, hazon kuma misalin halitta, sai dai misalin gurgu ne, domin shi ma tauraron mutuwa yake yi: zai huce ya zama abin da ake kira farin wada, wato gawar tauraro mai girman duniyarmu, hazon kuma ya watse cikin 'yan dubun-dubatar shekaru. Abin da ya fi dacewa da shi ita ce hujjar da almajiran ƙasar Hausa ke karantawa a Ummul Barahin ta Imam Sanusi, cewa duk abin da ke sauyawa fararre ne, ma'ana yana da farko, kuma fararre bai wadatu da kansa ba. Aristotle ya ɗauka cewa jikkunan sama ba sa lalacewa, kuma Imam Gazali ya yi jayayya da masu falsafa a kan dawwamar duniya ba tare da madubin hangen nesa a hannunsa ba. Madubin bai yanke hukunci a kan samuwar Allah ba, don wannan ba huruminsa ba ne, amma ya rushe zaton cewa taurari ba sa tsufa. Ita ma rana, a ƙiyasin masana, makamashin ƙwayarta zai ƙare nan da kusan shekaru biliyan 5.