Tayi da Albarka

Babu abin da ke saurin ɓata wa mai kaya rai kamar a taya kayansa da kuɗin da bai kai rabin abin da ya sa rai ba. To, shin wanda ya yi irin wannan tayi ya yi laifi ne, ko kuwa mai kaya ne ya yi fushi inda babu dalilin fushi?

Garin Illela wuri ne da ya dace a auna wannan magana a cikinsa, domin gari ne na ciniki. Yana arewa da Sakkwato da kimanin mil 50, a bakin iyaka, Birnin Konni ta ƙasar Nijar tana 'yan mil kaɗan a gabansa. Kasuwarsa tana ci ran Lahadi, ana kawo shanu da raƙuma da hatsi da albasa, ana ƙirga naira ana ƙirga sefa. Shekaru da yawa kuma motoci na hannu da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano sukan ratso ta Nijar su shigo Nijeriya ta irin waɗannan garuruwa, har Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da mota ta kan tudu daga ran 1 ga Janairu, 2017. Saboda haka mutumin Illela ya san mota, ya san kuma cewa tambayar farko ita ce ta takardun kwastan.

A ce wani mutum a garin yana da motar tsere, irin mai ƙofa biyu, mai zama daf da ƙasa, wadda ya saya lokacin da hannunsa ke da maiƙo. Yanzu yana so ya sayar da ita da kansa, ba tare da ya ba dillali la'ada ba. Ya sa mata naira miliyan 8. Wani ya zo, ya kewaya ta, ya buɗe inji, ya leƙa ƙarƙashi, sa'an nan ya ce, "Alhaji, na saya miliyan 3." Nan take fuskar mai mota ta canza.

Kafin a ga laifin mai tayi, sai a tambayi mai mota daga ina ya samo miliyan 8 ɗin nan. Sau da yawa ba daga kasuwa ya samo ta ba, daga zuciyarsa ne. Ya tuna abin da ya biya, da abin da ya kashe wajen fenti da tayoyi, da kuma yadda mutane suke juyowa in ya wuce. Duk ya haɗa ya sa a cikin kuɗin. Amma mai saye ba zai biya kallon da aka yi wa wani ba. Shi abin da ke gabansa dabam ne. Mota ce da ba ta ɗaukar iyali, ba ta ɗaukar buhun gero, ba ta bin hanyar ƙauye da damina. Kayan gyaranta sai an aika Kano ko Ikko, makanikin da ya san cikinta ma sai an nema. Ga shan mai. Tun daga ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haye wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya kuma ta ƙara hawa. Motar da ake sha'awa jiya ta zama nauyi a yau. Masu son irinta kaɗan ne, masu iya riƙe ta sun fi kaɗan. Kayan da masu sayensa ba su da yawa kuwa, kasuwa ba ta jin kunyarsa.

Wato ƙaramin tayi yakan zama labari ne da kasuwa ta aiko wa mai kaya. In mutum ɗaya ya taya miliyan 3, wannan ra'ayinsa ne. In mutum biyar waɗanda ba su san juna ba suka tsaya tsakanin 4 da 5, to mai mota ya sami amsar da bai so ba, amma ba zaginsa aka yi ba.

Magabata sun yi hikima da suka ajiye wa mai kaya kalma guda wadda za ta fisshe shi, ita ce "albarka". Abin mamaki ne a ce kalmar ƙin sayarwa addu'a ce. Mai kaya ya ƙi, amma bai kori mutum ba, bai kuma rufe ƙofa ba. Mai tayi yana iya ƙarawa ba tare da kunya ba, ko ya tafi ya dawo bayan kwana uku. Wanda ya amsa ƙaramin tayi da baƙar magana ya yi hasara biyu: ya kori wanda wataƙila da an bi shi a hankali zai kai miliyan 6, ya kuma nuna wa duk na wurin cewa tayin ya taɓa shi. A gari kamar Illela, inda mai tayin yau shi ne maƙwabcin sahu a masallaci gobe, don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Akwai kuma wata amsa da ta fi zagi muni, ko da yake ta fi shi daɗin ji. Ita ce mai mota ya yi murmushi ya ce, "Ai jiya wani daga Konni ya ba ni miliyan 7, na ƙi," alhali kuwa babu wanda ya zo. Mutane da yawa ba su ɗauki wannan ƙarya ba, suna ce da ita dabarar ciniki. Amma malamai sun yi magana a kan irinta. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda almajiran ƙasar Hausa ke karantawa, ya hana algus da yaudara da ɓoye aibin kaya a cikin ciniki. Haka nan an hana mutum ya ƙara kuɗin kaya ba da nufin saye ba, sai don ya ruɗi wani ya biya da tsada. Wanda ya ƙirƙiro mai saye daga Konni, aikin nan ya yi, sai dai shi bai ko wahalar da kansa ya nemo abokin haɗin baki ba. Ƙaramin tayi bai halatta masa haka ba. Yana da ikon ya yi shiru, yana da ikon ya ce ƙasa da miliyan 6 ba zai sallama ba, ya tsaya a nan.

Amma fa ba kowane tayi ne ke da tsarki ba. Akwai mai taya kaya, akwai mai taya mai kaya. Na farko ya dubi mota ya faɗi abin da ya ga ta cancanta, ko da ya kuskure. Na biyu bai damu da mota ba, labarin mai ita ya bincika. Ya ji cewa matarsa tana kwance a asibiti a Sakkwato, ko mai binsa bashi ya ba shi mako guda. Irin wannan ya yawaita duk lokacin da ciniki ya tsaya, kamar da aka rufe iyaka a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli, 2023, sa'ad da masu abin hannu da yawa suka koma sayar da kadara don su ci abinci. Mai irin wannan tayi yakan kushe motar da aibin da ya san ba ta da shi. Wani ma yakan turo abokansa biyu ko uku su riga shi zuwa, kowa ya taya ƙasa da na baya, don in shi ya zo da miliyan 3 a gan shi kamar mai ceto. Wannan tauye wa mutane kayansu ne, abin da Annabi Shu'aibu ya gargaɗi mutanen Madyana a kansa. Kuɗin da aka faɗa iri ɗaya ne da na mai tayi na gaskiya, niyyar ce ta bambanta, kuma ba safai mai mota ke iya rarrabewa ba.

Wani zai ce, ai ba a tilasta masa ba, da bakinsa ya ce ya sallama. Gaskiya ne, kuma alƙali ba zai cika warware irin wannan ciniki ba. Amma yardar wanda likita ke jiran kuɗinsa ba daidai take da yardar wanda zai iya jira Lahadi uku ba, kuma mai saye ya san haka, tun da a kan sanin nan ya gina tayinsa.

Abin da ya rage wa wanda buƙata ta matsa kaɗan ne. Kada ya bari labarin matsuwarsa ya riga shi zuwa wurin ciniki. Ya tara takardun mota, ya kai ta wurin makaniki ya ji gaskiyar lafiyarta, ya tambayi kuɗin irinta a Sakkwato kafin ya buɗe baki. A nan ne kuma yakan gane cewa la'adar da ya guje wa tana da amfaninta, domin dillali yana jin miliyan 3 ba tare da jininsa ya hau ba, motar ba tasa ba ce, marar lafiyar ma ba nasa ba ne. Yakan ce albarka, ya nemo waya ya kira wani.