Garin da Mota Ta Gina, Mota Ta Kwashe

Kafin duniya ta san Detroit da mota, da murhu ta san ta. A ƙarshen ƙarni na 19, in uwargida a wani ƙauyen Amurka ta ɗora tukunya, ko iyali suka kewaye wuta suna jin ɗumi a tsakiyar hunturu, akwai kyakkyawan zaton murhun ƙarfen nan a Detroit aka zuba shi. Sana'ar ta yi ƙarfi har wani kamfanin garin ya sa aka sassaƙa ƙaton murhu na katako mai tsayin ƙafa 25, ya kai shi bajekolin duniya na Chicago a 1893 don a zo a gani. Yau ba mai tuna wannan. Amma wanda yake son ya gane yadda garin ya tashi, da yadda ya durƙushe, daga irin waɗannan ƙananan kayan gida ya kamata ya fara: murhu, da keke, da bahon wanka.

Wani Bafaranshe mai suna Cadillac ne ya kafa wurin a 1701, sansani ne kawai na sojoji da 'yan kasuwar fatun namun daji, a bakin kogin da ya haɗa manyan tafkunan arewacin Amurka. Ingila ta karɓe shi a 1760, Amurka ta karɓa a 1796, gobara kuma ta cinye shi ƙurmus a 1805. Ruwa ne ya tashe shi daga tokar. A 1825 aka buɗe hanyar ruwa ta Erie da aka haƙa, sai ga Detroit ta haɗu da New York. A 1855 aka sake buɗe wata mashigar jiragen ruwa can arewa, tama da tagulla suka fara gangarowa. Katako yana fitowa daga dazuzzukan jihar Michigan, kwal yana zuwa daga kudu, duk a bakin kogin nan suke haɗuwa.

Inda kayan aiki suka taru, masu hannu ba sa nisa. Zuwa 1900 mutanen garin sun kai wajen 285,000, kuma ba sana'a ɗaya ke ciyar da su ba. Ana zuba murhu, ana ƙera taragon jirgin ƙasa, ana haɗa jiragen ruwa da injinansu, ana dama fenti, ana haɗa magunguna, ana naɗa taba, har irin shuka ana ƙullawa a sayar. Kowace unguwa da maƙeranta da kafintocinta da masu zubin ƙarfenta. In yaro ya ƙware a wurin maigidansa, sai ya kama ɗan shago a gaba kaɗan ya buɗe nasa. In kasuwar wani abu ta mutu, mutum ya tsallaka titi ya kama wani aikin da hannun nan dai.

A duba waɗanda suka yi suna a sana'ar mota. David Buick mai haɗa kayan famfo ne, ya yi suna wajen shafe bahon wanka na ƙarfe da farin ruwa mai ƙyalli. John da Horace Dodge, wa da ƙani, kekuna suka fara yi kafin su buɗe shagon gyaran injina. Henry Leland a masana'antun bindiga ya koyi auna ƙarfe daidai wa daida, ya zo Detroit yana yanka giya yana haɗa injinan kwale-kwale. 'Yan gidan Fisher daga ƙera keken doki suka fito. Henry Ford kuwa ma'aikacin kamfanin wutar lantarki ne. Motarsa ta farko, a 1896, a rumfar bayan gidan haya ya haɗa ta a kan tayoyin keke huɗu, da ya gama ƙofa ta yi mata kaɗan, sai da ya fasa bango. Kuɗin ma daga sana'o'in da aka saba suka fito. Dillalin kwal ne ya tsaya wa Ford, attajirin tagulla da katako ya tsaya wa Ransom Olds.

Abin da ya faru da Olds a 1901 shi ya fi nuna ƙarfin garin. Gobara ta tashi a masana'antarsa ta cinye kusan komai. Da a wani garin ne, da magana ta ƙare ke nan. Shi kuwa sai ya zaga shagunan maƙwabta: Leland ya yi masa injina, 'yan gidan Dodge suka yi masa akwatin giya, wani mai aikin kwano ya yi masa tukunyar ruwan mota. Motar ta fito kasuwa, ta kuma karɓu, waɗanda suka yi masa aikin su ma suka koyi mota a hannunsa. Ford kansa sau biyu yana kafa kamfani abin yana watsewa. Na biyun da ya bari shi Leland ya gyara ya zama Cadillac. Garin ya iya ɗaukar asarar mutum har ya sake gwadawa, saboda akwai wasu hanyoyin samu da ke riƙe da kowa.

A karo na uku, a 1903, Ford ya dace. A 1908 ya fito da Model T a kan dala 850. A 1913, a masana'antarsa ta Highland Park, ya juya tsarin aiki: maimakon ma'aikata su riƙa zagaya mota, motar ce ke tafiya a kan sarƙa tana bi ta gabansu, kowa yana tsaye wuri ɗaya yana ɗaura abu ɗaya. Aikin da ke cin sa'o'i 12 ya dawo kamar sa'a ɗaya da rabi. Farashi ya yi ta sauka har ya yi ƙasa da dala 300, kuma zuwa 1927 an yi motar nan miliyan 15.

Sai dai mai sana'a ba ya son a mayar da shi inji. Mutane suka riƙa ajiye aikin, har a 1913 sai da kamfanin ya ɗauki sama da mutum 50,000 don kawai ya riƙe guraben kusan 14,000. Maganin da Ford ya kawo a watan Janairun 1914 shi ne dala biyar a yini, fiye da ninkin abin da ake biya. Labari ya bazu, jama'a suka yi ta kwararowa daga Foland da Italiya da Hangari, da Siriya da Labanan da Yaman. A 1921 Musulmi suka gina masallaci a Highland Park, yana cikin na farko-farko a Amurka. Baƙar fata da suka gaji da wulaƙancin kudancin ƙasar suka hawo jiragen ƙasa: ba su kai 6,000 ba a 1910, amma a 1920 sun haura 40,000. Garin da bai kai mutum 300,000 ba a 1900 ya haura miliyan ɗaya da rabi a 1930.

A nan ne abin lura yake. Cikin wannan murna ba wanda ya tsaya ya ƙirga abin da ake rasawa. Yawancin aikin kan sarƙa a 'yan kwanaki ake koyonsa, kuma wanda ya shekara ashirin yana ɗaure ƙusa ɗaya ba zai iya fita ya buɗe shagon kansa da ita ba. Manya suka shiga haɗiye ƙanana. Ford ya sayi kamfanin Lincoln na Leland a 1922, General Motors ta gama mallakar Fisher a 1926, Chrysler ta sayi Dodge a 1928. A River Rouge, Ford ya gina masana'antar da tama ke shiga ta gefe guda mota ta fito ta ɗaya gefen, da ma'aikata kusan 100,000, don kada ya nemi komai a wurin kowa. Shagunan da suka rage suka koma masu yi wa manyan kamfanonin nan uku aiki, kamfanonin ke faɗar abin da za a yi, su ke yanke farashi. Manomin ƙasar Hausa ya san dalilin da ya sa yake haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya: in damina ta ƙi wannan, ta karɓi wancan. Detroit ta ga amfanin da ya fi tsada, sai ta tuge sauran ta cika gonar da shi.

Shekaru da yawa lissafin yana fita. A yaƙin duniya na biyu masana'antun suka koma ƙera tankoki da jiragen yaƙi, har wata ta Ford a Willow Run ta kai tana fitar da jirgi ɗaya kusan kowace sa'a. A 1950 mutanen birnin suka kai kusan miliyan 1.85, kuma a shekarar ce ƙungiyar ma'aikatan mota ta ƙulla yarjejeniya da General Motors mai fansho da kuɗin asibiti da ƙarin albashi. Saurayi kan bar makaranta yau, gobe ya shiga masana'anta, cikin 'yan shekaru ya sayi gida da mota. Wa zai ce masa ya tafi koyon wata sana'a? Jin daɗin gaskiya ne, kuma guminsu ne. Amma shi ya rufe ƙofar neman wata hanya.

Tun a lokacin ƙasa ta fara zamewa. Sababbin injina suna son fili mai faɗi da gini marar bene, birni kuwa ya cika, sai kamfanonin suka riƙa gina sababbin masana'antu a bayan gari da wasu jihohi. Ƙananan kamfanonin mota irin Hudson da Packard suka rufe ƙofofinsu a garin cikin shekarun 1950. Motar da garin ke yi ita ce ta ba mai hali damar ya kwana nesa ya zo aiki da safe. Aka daina jiragen cikin gari masu bin dogo a 1956, aka yanka manyan tituna ta tsakiyar unguwanni, ɗaya daga ciki ya bi ta kan titin Hastings, cibiyar kasuwancin baƙar fata. Kowane titi da aka buɗe ya zama hanyar fita.

Fitar kuma ba ta kowa ba ce. Bankuna da dillalan gidaje sun daɗe suna hana baƙar fata rance da gidaje a unguwannin Turawa. A 1941 har katanga aka gina mai tsayin ƙafa shida, tsawon kusan rabin mil, don a raba unguwar baƙi da sabuwar unguwar farare. A watan Yulin 1967 tura ta kai bango, aka kwana biyar ana tarzoma, mutum 43 suka mutu. Masu hali suka ƙara gudu, suka tafi da harajinsu, suka bar wa talakawa birni mai faɗin murabba'in mil 139 da tituna da bututun ruwa da makarantun da aka gina don mutum miliyan biyu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1973 farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabo. Tashin da ya cika baitulmalin Nijeriya da kuɗi shi ne ya sa Ba'amurke ya fara duban motarsa mai shan mai kamar rijiya, ya juya ga ƙananan motocin Japan. Kamfanonin nan uku sun saba da rashin abokin gasa, ba su iya juyawa da sauri ba, garin kuma ba shi da wata sana'a da zai jingina da ita. A 2009 General Motors da Chrysler suka karye sai da gwamnati ta tallabe su. A watan Yulin 2013 hukumar birnin ita ma ta je kotu ta ce ba za ta iya biyan bashin kusan dala biliyan 18 ba. A lokacin kusan kashi 40 cikin ɗari na fitilun titi ba sa kamawa, dubban gidaje ba kowa. Ƙidayar 2020 ta sami mutum wajen 639,000, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen 1950.

Ba za a ɗora wa mota laifin duka ba. Wariyar launin fata ta yi nata, shugabannin da suka ci amana sun yi nasu. Kuma garin bai mutu ba: ya fita daga hannun kotu a ƙarshen 2014, an gyara fitilu, tsohuwar tashar jirgin ƙasa da ta shekara talatin da ɗoriya a rufe ta sake buɗewa a 2024, yawan jama'a ma ya ɗan fara ɗagawa. Amma duk wani gari yana da azzalumai da ɓarayi da munanan shekaru. Bambancin shi ne ko akwai abin da zai riƙe mutane kafin guguwar ta wuce. A 1901 mutum ɗaya ya yi gobara, gari ya tashe shi. Bayan shekara ɗari sana'a ɗaya ta yi gobara, ba a sami mai tashin garin ba.

Saboda haka in ana auna arzikin gari, girman masana'antarsa da yawan albashinta ba su isa ma'auni ba. A tambaya: sana'o'i nawa ne a ciki waɗanda ba su dogara da juna ba? Yaron da ya gama koyon aiki zai iya buɗe nasa, ko sai dai ya jira a ɗauke shi? In babban mai biyan albashi ya tattara ya tafi gobe, mutum nawa ne za su iya ci da hannunsu? Tambayar ta hau kan mai mulkin da ke share rumfunan masu ƙananan sana'o'i don ya ba babban kamfani fili, ta hau kan ƙasar da ta rataya kasafinta a kan haja ɗaya, ta kuma hau kan uban da ya tura 'ya'yansa duka layi ɗaya don yau nan ne ake samu. Lokacin yin wannan tambaya shi ne lokacin da kasuwa ke ci, don a sa'an nan ne ake da kuɗin koyar da yaro sana'a ta biyu, kuma a sa'an nan ne ba wanda ke son jin maganar.